Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya: wa ya taɓa cin karo da cutar kaska?

Mai tambaya, Unguwar Rogo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena yana karatu a jihar Masachusets ta Amurka, ya zo hutu Jos, bai jima da sauka ba zazzaɓi ya kwantar da shi: rawar sanyi, gumin dare, ciwon gaɓoɓi. Aka ce maleriya ce, ya shanye ƙwayoyinsa tas, jiki yana nan jiya i yau. Yanzu idonsa ya soma rawaya, fitsarinsa ya yi duhu. Wani likita ya tambaye shi ko kaska ta cije shi a can, ya ambaci babesiyosis. Don Allah wanda ya san cutar nan ya faɗa mana abin da ya gani.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Bukuru: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Ɗan'uwa, likitan nan ya yi tambayar da ta dace. Ƙwayar Babesiya cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama, inda ta maleriya take, kuma a madubin gwaji dukkansu siffar zobe suke nunawa. Mu da muka saba ganin maleriya safe da yamma, da ido ya hango zobe sai hannu ya rubuta. Lokacin da ake horar da mu an nuna mana jinin da ke ɗauke da ita, ba wanda ya bambance ta sai da malaminmu ya ja hankalinmu: ba ta barin baƙin ɗigon da maleriya ke bari, wani lokacin kuma ƙwayoyi huɗu ne ke haɗuwa su yi siffar gicciye, sai dai ba kullum ake dacewa da wannan ba. Gwajin gaggawa na tsinke maleriya kawai yake nema. Ku roƙi a sake shafa jinin a gilashi a duba a natse, a rubuta a takardar daga inda ya dawo. In da hali a yi PCR, gwajin da ke gano ƙwayar cuta ta ƙwayoyin halittarta.

Hajiya, Rayfield: Ni ta kama ni, ɗana. Na je jegon 'yata a jihar Konetikat ta Amurka da bazararsu, kullum da yamma ina zaga bayan gida cikin ciyawa. Wallahi ban ga kaska ba, ban ji cizo ba. Likitar ta ce ƙaramar ba ta ko kai ƙwayar riɗi ba, kuma ciwon kan bayyana mako 1 zuwa 4 bayan cizon. Aka haɗa mini atovaquone da azithromycin, ta ce kwana 7 zuwa 10 ake sha. Sun kuma gwada ni cutar Laim, don kaska ɗaya ce ke kawo su. Zazzaɓin ya sauka da wuri, kasalar ce ta daɗe, har sallah a zaune nake yi. Ku yi haƙuri da yaron, kada a ce raki ne.

Mai kiwo, hanyar Vom: Mu a shanu muka san ta. Saniya ta daina kiwo, jiki ya yi zafi, fitsari ya koma ja, in an makara sai asara. Likitocin dabbobi na cibiyar bincike ta Vom sun san ta sarai, allurar Berenil ake yi. A shanu ma aka fara gano ta, a Romaniya, 1888, sai 1957 aka tabbatar da ita a jikin mutum. Amma don girman Allah kada kowa ya tsira wa ɗan Adam allurar dabba. Mai cire kaska kuma ya kama ta da hantsaki dab da fata ya ja a hankali, ban da wuta, ban da kananzir.

Uwar mai sikila, Dogon Dutse: Gabana ya faɗi. Yarona ana yi masa ƙarin jini. Likita, tana bi ta nan?

Likita, Jos: Tana bi, Mama, an tabbatar da haka a Amurka, shi ya sa ake gwada jinin masu bayarwa a jihohin da ta yi yawa. Wanda aka cire wa saifa, ko saifarsa ta raunana kamar yadda sikila ke jawowa, shi ta fi yi wa illa, sai dattawa da masu raunin garkuwar jiki. In ta tsananta ana kwantar da mutum, wani lokacin a ba shi clindamycin da kwinin, in kuma ƙwayar ta haura kashi 10 cikin 100 na jajayen ƙwayoyin jini, akan duba yiwuwar sauya masa jini. Ki kwantar da hankalinki, a nan gida zazzaɓi mafi yawa maleriya ne. Abin da ke damuna shi ne a sake sayen maganin maleriya zagaye na biyu da na uku ba a koma gwaji ba. Mai tambaya, rawayar ido da duhun fitsari alamar jini na fashewa ne, kada ya kwana a gida.

Mai tambaya, Unguwar Rogo: Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun kai shi, an ba shi gado, an ce jininsa ya yi ƙasa. Ya tuna sun shiga daji yawo da abokansa kafin ya taso, mun faɗa wa likitan, an sake ɗibar jini. Ku sa shi a addu'a.