Neman kalma: yaya za mu ce "validation" na tambayoyin hira?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ranar Alhamis za a miƙa wa kwamitin ɗa'ar bincike takardu da Hausa. Binciken kan karatun ɗaurarru ne, irin waɗanda ke cibiyoyin jami'ar NOUN (jami'ar karatu daga gida ta Najeriya) a cikin gidajen yari, kuma hira ce baki da baki, tambayoyi 12. Wace kalma zan sa wa "validation" na tambayoyin?

Malamin fassara: Wa alaikumus salam. Tantancewa.

Malamar bincike: Rabin aikin ke nan, Malam. Da farko ana ba masana 3 zuwa 5 tambayoyin, kowa ya auna kowace tambaya da manufar binciken, ya ba ta maki 1 zuwa 4. Wannan tantancewa ce, na yarda. Saura gwaji: a yi hirar da mutum biyu ko uku da suka taɓa zaman gidan, a ji yadda suka fahimci tambayar. A nan ake gane cewa "Karatu ya gyara maka hali, ko?" ta riga ta sa wa mutum amsa a baki, balle in gandiroba na tsaye a ƙofa. Sai a mayar da ita "Faɗa mini yadda ranar karatunka take kasancewa." Ni "tabbatar da sahihancin tambayoyi" zan rubuta.

Dattijo: Sahihi Larabci ne. Ga tamu ta gado: tankaɗe da rairaya. Masana su tankaɗe, gwaji ya rairaye. Duk wanda ya ga gari a rariya ya san abin da ake nufi.

Malamin fassara: Ranka ya daɗe, in muka kori Larabci, ilimi da darasi da izini duk sun tafi, takardar ta zama wayam.

Dattijo: Waɗancan sun zauna tun kaka da kakanni. Abin da ke ci mini rai shi ne ɗalibanmu na jin kunyar kalmar madafa a kundin digiri, sai ta aro suke gani da daraja.

Ɗan jarida: Wani gyaran: tun dokar 2019 sunan gidan yari a hukumance ya koma gidan gyaran hali. Kada a rubuta gidan yari a wasiƙar neman izini.

Malamar bincike: A wasiƙa, haka ne. A cikin tambayoyin kuwa, a bi kalmar da ɗaurarrun ke faɗa da bakinsu, kuma gwajin ne zai nuna ta. Sannan wani dabam, wanda bai ga na Turancin ba, ya mayar da Hausar zuwa Turanci a kwatanta, don "hali" kaɗai tana iya karkata ma'ana.

Mai tambaya: To zan sa "tantancewa da gwajin tambayoyi" a kanu, in bayyana matakan a ƙasa. Na gode, Malama.

Dattijo: Jimla ce wannan, ɗana, ba kalma ba. Miƙa haka tunda lokaci ya ƙure, amma a takardar da za a karanta wa ɗaurarru ka sa tankaɗe da rairaya.