Me ya sa yara ke saurin wartsakewa bayan gudu fiye da mu manya?

Kocin Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da yara 'yan shekara 9 zuwa 12 ƙwallo, kuma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. In na sa su gudun gajeren zango iya ƙarfinsu, sai ka ga yaro ya zube yana haki, amma kafin in gama gyara layi ya miƙe yana cewa, "Koci, a sake." Babba kuwa in ya yi irin wannan gudun, sai ya dafa gwiwa, cinya ta yi nauyi, magana ma ta gagara. Alhali a gudun farko yaron bai ko kama ƙafar babban ba. Zumuɗin ƙuruciya ne kawai, ko akwai wani abu a cikin tsokar?

Malamar Kimiyya ta amsa:

Wa alaikumus salam, Koci. Idonka bai yaudare ka ba, bambancin yana cikin tsokar.

Tsoka ba ta motsi sai da wani sinadari da ake kira ATP, kuma ajiyar da take da ita ba ta wuce ta 'yan daƙiƙoƙi. Dole ta riƙa sabunta shi tana cikin aiki. Da farko takan ɗebi fosfokiriyatin, wani sinadarin ajiyar ƙarfi da ke cikin tsoka, wanda ke ɗaukar mutum wajen daƙiƙa 10 na gudu mai tsanani. Daga nan sai ta shiga farfasa sukarin da ta ajiye, wato gilaikojin, ba tare da jiran iskar oksijin ba. Wannan hanyar tana ba da ƙarfi nan take, amma asid da laktet, wani sinadari da ke fitowa daga farfasa sukarin, suna taruwa, lokacin ne ake jin cinya na zafi. Sai kuma ƙona sukari da kitse da oksijin, wadda ba ta da sauri amma tana daɗewa.

Yaron da bai balaga ba ya fi dogara da wannan ta ƙarshen. Tun farkon shekarun 1970, masu bincike Eriksson da Saltin a ƙasar Suwidin suka ɗebi ɗan ƙanƙanin nama daga cinyoyin yara maza, suka tarar gilaikojin ɗinsu bai kai na manya ba, haka ma kuzarin sinadarin PFK da ke tafiyar da farfasa sukari. Shi ya sa laktet ɗin da ke jinin yaro bayan gudu yake ƙasa da na babba. Fosfokiriyatin ɗinsa ma ya fi saurin komawa yadda yake.

Binciken da ya fi kama da abin da kake gani shi ne na Hebestreit da Bar-Or a Kanada a 1993. An sa yara da manya tuƙa keken gwaji iya ƙarfinsu na daƙiƙa 30, a huta, a sake. Bayan hutun minti 2 kusan duk ƙarfin yaran ya dawo, manyan kuwa ko bayan minti 10 da ɗan saura. A 2018 Ratel da abokan aikinsa a Faransa sun ga cewa bugun zuciyar yara bayan irin wannan gwajin ya fi saurin sauka, har fiye da na ƙwararrun 'yan wasan juriya, irin masu gudun dogon zango.

Tsohon Ɗan Tsere ya amsa:

Malama, Allah ya ƙara ilimi, amma bari in sa baki kada Koci ya ɗauka yaran nan ba sa gajiya. Wani ɓangare na saurin wartsakewarsu shi ne tun farko ba su zuba ƙarfi kamar babba ba, ko da an auna gwargwadon nauyin jiki. Wanda ya ci ƙaramin bashi ai shi ke saurin biya. Kuma a gudu mai nisa yaro yana da tasa wahalar: takunsa gajere ne, a sauri iri ɗaya ya fi babba cin oksijin a kowane kilo na jikinsa, gumin da yake yi kuma bai kai na babba ba. Na sha ganin masu horarwa suna sa ƙananan yara zagaye fili babu tsayawa, wai ana gina juriya. Abin yana ba ni takaici.

Kocin Yara ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai. Malama, ke nan zan iya rage musu hutu tsakanin gudu da gudu?

Malamar Kimiyya ta amsa:

Za ka iya, in dai gudun gajere ne kuma ruwa yana kusa. Maganar Baba gaskiya ce, gudu kaɗan-kaɗan da ɗan tsayawa shi ne yadda yara ke wasa da kansu in an bar su. Sai dai ka riƙa duba balaga fiye da shekaru. Cikin 'yan shekara 12 ɗinka za a sami wanda murya ta fara buɗewa, kafaɗa ta fara faɗi. Tsokar wannan ta soma komawa irin ta manya: zai tsere wa sauran a gudun farko, amma a na huɗu shi ne zai fara ja da baya. Ka ƙara masa hutu, kada ka ɗauka lalaci ne.