Musayar baitoci: wai Bakano ya hau Dutsen Patti

Ɗan Dala: Salamu alaikum 'yan uwa, na je Lakwaja na hau Patti da ƙafata, ga tsarabarku.

Da sanyin safe na ɗaura takalmi,
Na bar garin Lakwaja can baya.
Hanya ta kutsa cikin itatuwa,
Gumi na zuba, gwiwa na shan wuya.
Da na kai ƙoli na leƙa ƙasa,
Kwara da Binuwai sun zama ɗaya.
Jiragen masunta kamar ɓawon gyaɗa,
Tsarki ga wanda ya ƙera duniya.

'Yar Kufena:
Bakano da hawan dutse? Oh ni!
Malam ji tsoron Allah, bar ƙarya.
Wanda Dala ma ke sa shi haki,
Ya hau Patti? Sai dai a tatsuniya.
Akwai titi har can saman dutsen,
Faɗi nawa ɗan acaba ya karɓa a hannunka kar ka ji kunya.

Baban Ummi: Hhhh wallahi ta gama da kai, Zazzau ba a ja da ku!

Mai Aruli: Hajiya ɗangonki na ƙarshe fa ya fi sauran tsawo nesa, karin ya karye, amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa.

Ɗan Dala: Afuwan caji ne ya ƙare tun jiya. Dutsen nan fa ya haura mita 450, ba wasan yara ba ne.

Ke 'yar Kufena sassauta harshe,
Ƙafata ta kumbura, ita ce gaskiya.
Sarkinmu Alu na kwance a garin,
Na yi mai addu'a da tsarkin zuciya.
Ke kuwa duk yawon da kike ji da shi,
Ko Kwangila ba ki wuce ba a Zariya.

Na Goron Dutse: Kano tumbin giwa! Wannan shi ne baiti, Baban Ummi ina kake?

'Yar Kufena:
Da Alu guda kake mana taƙama,
Mu biyu ne namu, zo ka sha labari.
Kwasau na can, Ɗan Sidi na can,
Shi ko gwanin waƙa ne na asali.

Mai Aruli: Subhanallahi, labari da asali? Ina -ya ɗin da aka faro da shi?

Baban Ummi: Kai Malam ka ishe mu, tun da aka fara ko ƙwar biyu ba ka kawo ba sai jan biro.

Kawu Malami: Yara ku tsaya, maganarsu duka gaskiya ce, Turawa sun kama Sarki Alu a 1903 kuma a Lakwaja ya rasu a 1926, sarakunan Zazzau ɗin nan ma can aka kai su bayan an tuɓe su, a garin ne kuma Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a 1900, gidan hutawarsa na nan a saman dutsen, in ka hau ɗin da gaske ai ka gan shi.

Bayola:
Kuna ta faɗa a kan ruwan wasu,
Binuwai namu ne, ku tambaya.
Daga Kamaru ya biyo ta Garwa,
Sai da ya gaida Yola ya kama hanya.

Ɗan Yamai: To Kwara fa? Ta ƙofar gidanmu yake wucewa, baitina na nan tafe in na tashi daga kasuwa.

Mai Aruli: Baban Ummi ni ba na sakin baiti sai na auna shi gaɓa-gaɓa. Na Bayola ma ɗango na biyu ya gaza.

'Yar Kufena: Malam ajiye sikelinka tukun. Ɗan Dala, Kawu ya yi magana, gidan Lugga wane fenti ne da shi? Ko cajin ya sake ƙarewa?