Musayar Waƙa: Fitilar Nesa Mai Sauya Kama

Ɗan Dala: Salamu alaikum. Ga fage na buɗe, ƙwar biyu, amsa-amo "wa". Batunmu kwezar, wato cibiyar dandazon taurari mai tsananin haske, inda gas ke kewaya baƙin rami, wurin da ƙarfin jansa ko haske ba ya kuɓuce masa.

Da sunan Ta'ala nake ɗaura ɗamba,
Batun kwezar yau muke tattaunawa.
Baƙin rami ne can a tsakar taurari,
Gas na ta juyi a bakinsa yana gasuwa.
Haskensa ya danne taurarin gidansa,
Amma bai zama guda, kullum yana sauyawa.
Wata ya yi ƙarfi ya koma shuɗi-shuɗi,
Wata ya ja baya kamar aci-balbal na mutuwa.

Ga wanda bai sani ba: na farko da aka gane nisansa shi ne 3C 273, Maarten Schmidt ya gano a 1963. A shekarar ne Harlan Smith da Dorrit Hoffleit suka tono tsofaffin hotunan sama na Harvard, suka ga ashe ya daɗe yana hawa da sauka.

Malam na Fagge:
Ɗan Dala, sassauta, ka cika mu da zance,
Mun sha ganin rana da hunturu na dishewa.
Hazo in ya taso ya lulluɓe dutsenku,
Ko Goron Dutse ba ka iya hangowa.
Ƙura ce kawai ta gifta gaban fitila,
Yaro ya ga duhu ya ce wuta na macewa.

'Yar Gwale:
Allah gafarta Malam, goge tabarau,
Hazon idonka ne ke hana ka ganewa.
A 2000 an raba hasken wata kwezar kamar bakan gizo,
Layin haidirojin mai faɗi na bayyanawa.
A 2010 da aka sake dubawa,
Haske ya ragu ninki 6, layin na ɓacewa.
Da ƙura ce ta tare, eksire zai tona,
An auna shi sarai, ba alamar tarewa.
Tukunyar ce aka janye wa itace,
Abincin ramin ne ya yi raguwa.

Ina nufin J0159+0033, wadda Stephanie LaMassa da abokan aikinta suka bayyana a 2015. Layin nan alamar gas ɗin haidirojin ce a cikin hasken da aka raba, faɗinsa kuwa daga gudun gas ne, dubban kilomita a daƙiƙa guda.

Uwar Biyu: Kai, madalla da ƙanwata! Allah ya ƙara basira. Cikin gari ba a taɓa kunya ba.

Na Wapa: To an fara. In na cikin badala ya yi tari sai ku ce waƙa ce. Baitin hazo na Malam ya fi komai daɗi a nan, ko kun ƙi ko kun so.

Na Ƙofar Mata: Ni ba ruwana da unguwa. Ƙanwata, hujjarki ta tsaya amma baitinki ya ɗingisa. Ɗangon 2000 ya fi ɗan'uwansa tsawo nesa ba kusa ba. Sannan kin sa "dubawa" a ɗangon farko, amsa-amo ya zo inda ba muhallinsa ba. Rera shi ki ji.

'Yar Gwale: Yaya, na rera. Shekara ba ta gutsuruwa don aruli ya ji daɗi.

Na Ƙofar Mata: Ai gwanintar ke nan, a shigar da gaskiya cikin kari ba a karya ɗaya ba. Shi ma Ɗan Dala ya faro da Mutaƙarab, kafin baiti na biyu ya saki layi.

Na Wapa: Makaɗan baka da aruli suka yi suna? Kunne ne alƙali.

Na Ƙofar Mata: Su da kalangu ke riƙe su. Mu rubutacciya muke yi.

Ɗan Dala: Jama'a, don Allah a dawo sama.

Baba na Gwammaja: Ku yi haƙuri 'ya'yana, kwana biyu waya ba caji. Faifan da zan ambata shi ne gas mai juyi a bakin ramin, gizagizan kuma na gas ne da ke can gefensa.

Na makara amma ku dubi kwezar,
Ita ma da jinkiri take amsawa.
Faifan tsakiya in ya ƙara haske,
Gizagizan gefe sai daga baya suke kamawa.
Kwanaki ko watanni ake ƙirgawa tsakani,
Da su ake auna nisa har nauyin ramin a ganowa.
Abin da ya sauya cikin wata ɗaya,
Faɗinsa bai wuce tafiyar haske ta wata ba, kowa.

Na san na ƙarshen ya yi tuntuɓe, ɗana na Ƙofar Mata ya gyara mini.

Malam na Fagge:
'Yar nan, na janye batun hazona,
Mai neman sani ba ya ƙin saurarawa.
Amma lissafin faifai na tun da can,
Dubban shekaru ya ba shi na canzawa.
To yaya a goma ya juya kama?
Wannan kaɗai nake so ki warwarewa.

'Yar Gwale: Malam, wannan tambaya masu madubin hangen nesa ma suna kanta har yanzu. Bari in sauke tuwo, bayan isha'i zan zo da baitina.