Wane tirafod ya dace da hoton kurkusa idan kuɗi ba su da yawa?

Ɗan Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara a kan tirafod, mai ƙafa ukun nan da ake ɗora kyamara. Aikinsa hoton kurkusa ne na ƙananan abubuwa: furanni, ƙwari, zobba. Kyamara da lens na makuro (wato na ɗaukar hoton kurkusa) mai milimita 100, a haɗe nauyinsu bai kai kilo biyu ba. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Me ya kamata in fi dubawa? Na kabon, wato wanda aka yi ƙafafunsa da zaren kabon maimakon alminiyam, dole ne? Masu arhar nan kuma da ake rubuta suna ɗaukar kilo 10 ko 15, a yarda da su?

Mai Makuro ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kada tsayi ya ruɗe ka. A wannan aiki, tambayar farko ita ce: ina iyakar saukarsa ƙasa? Yawancin abin da za ka ɗauka bai wuce gwiwarka ba, wani ma a kan ƙasa yake. Saboda haka nemi wanda kowace ƙafa take buɗewa ita kaɗai, mataki uku ko huɗu, har ta kusa kwanciya. Duk wanda ka ga an haɗa ƙafafunsa da sandar tsakiya da wasu 'yan hannuwa, irin na masu bidiyo, ajiye shi, ba zai taɓa sauka ba.

Sai sandar tsakiya. Ko ƙafafu sun baje, idan sandar doguwa ce za ta tokare ƙasa, kyamara ta tsaya can sama. A tabbata ana iya cire ta, ko tana rabuwa biyu, ko akwai gajera a cikin kwalin. Ana juya ta a rataye kyamara kai ƙasa, amma aiki a haka wahala ce, duk maɓallai sun juye.

Dalilin da ya sa ake matsawa a kan ƙarfi: idan ka kai girman 1:1 (wato abu ya fito a kan sensa, farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara, daidai girmansa na zahiri) a buɗewar lens ta f/8 da babbar sensa irin ta full frame, abin da yake fitowa tar bai wuce kaurin milimita ɗaya ba. Kuma haske yana raguwa da mataki biyu a wannan kusancin, wato ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, dole shata, ƙofar da take barin haske ya shiga kyamara, ta daɗe a buɗe. Rawar da ido ba ya gani ta isa ta ɓata hoto.

Ƙafa mai gaɓa uku ta fi mai huɗu ko biyar tsayuwa, domin duk gaɓar da aka ƙara, bututun ƙarshe ƙara sirancewa yake yi. Bututun sama ya kai milimita 26 zuwa 28. Kabon ya fi sauƙin ɗauka, ya kuma fi saurin kashe girgiza, amma alminiyam mai kauri ya fi kabon siriri mai arha nesa ba kusa ba. Maganar kilo kuwa, babu wani ma'auni guda da kamfanoni suke bi. Lambar tana nufin ba zai rushe ba, ba ta ce ba zai yi rawa ba.

Hajiya Mai Furanni ta rubuta:

Malam ya gama da ƙafafu, amma inda mai ƙaramin kuɗi ya fi shan wahala shi ne kan tirafod, wato abin da yake saman ƙafafu da ake ɗaura kyamara a kansa. Kai mai ƙwallo na arha yana da wata cuta: ka saita idon ƙwaro a tsakiya, ka ɗaure, da ka saki hannu sai lens ya ɗan sunkuya. A hoton fili ba za ka lura ba. A 1:1 faɗin abin da babbar sensa take gani milimita 36 ne kacal, sunkuyar milimita uku ta kawar da idon daga inda ka sa shi, fokos ma ya tafi.

Don haka sayi wanda kansa yake cirewa. Ƙafafu da kai suna haɗuwa da sukuru mai inci 3/8, kyamara kuma da mai inci 1/4, kusan kowane kamfani haka yake yi, ka ga gobe kana iya sauya kai ba tare da ka jefar da ƙafafu ba. Idan mai ƙwallo ne, ƙwallon ya kai milimita 36 zuwa sama, kuma ya kasance da ƙaramin maɗauri na daban mai rage sulɓi. Farantin da ake ɗaurawa a ƙasan kyamara don ta hau kan tirafod ya zama samfurin Arca-Swiss, na ƙarfe, ba na roba ba.

Kan tirafod mai giya irin ta inji, kamar Manfrotto 410, shi ne gwanin wannan aiki: murza ƙulli kake yi, kyamara ta matsa kaɗan-kaɗan ta tsaya cak inda ka bar ta. Yana da nauyi da tsada. Ni a ganina gara a haƙura da ƙafafun alminiyam na hannu a zuba ragowar kuɗin a kai.

Injiniya ya rubuta:

Ranki ya daɗe Hajiya, na yarda. Zan ƙara da sandar da take kwanciya a gicciye, kamar ta Manfrotto 190XPRO da Vanguard Alta Pro. Tana da daɗi wajen leƙa abu daga sama, amma a sani duk tsawon da aka zaro, rawa ƙaruwa take yi, kuma tirafod yana iya kifewa. A zaro kaɗan, a sa ƙafa ɗaya daidai ƙarƙashin lens, a rataya jaka a ɗaya bakin.

Reli kuma, wato ƙarfen da kyamara take tafiya gaba da baya a kansa, yana raba ka da jan tirafod duk don milimita biyu. Mai zaren sukuru ya fi mai haƙora daidaito. Mai arha da yake girgiɗi gara babu shi, a bari sai an samu hali.

Sannan ko tirafod ɗin ya kai me, kada yatsa ya danna shata. Taima ta daƙiƙa 2 ko rimot, a ɗage madubi tukuna idan kyamarar mai madubi ce, a kashe na'urar hana girgiza ta lens sai dai idan littafinsa ya ce a bar ta. Tirafod kyamara yake riƙewa, ba fure ba. Idan akwai iska, a kare da kwali, ko a kafa tsinke a ɗaure karan furen, ko a yi aiki da filasha.

Ɗan Koyo ya rubuta:

Allah ya saka da alheri. Idan na hannu zan saya, yaya zan gwada shi?

Mai Makuro ya rubuta:

Tafi da kyamararka da lens ɗin. Zaro ƙafafu duka, kulle, ka danna daga sama da tafin hannu biyu: gaɓar da ta zame, maɗaurinta ya saki. Idan na ɓallawa ne, galibi ƙara ɗaure ɗan sukurunsa ya wadatar, amma duba ko robar ta tsage. Na murɗawa kuma warware shi ka ga ko siraran robobin ciki suna nan, yashi ne yake cinye su. Kama saman ka murɗa hagu da dama, kada ka ji ƙas-ƙas. Daga nan ɗora kyamara, saita rubutun wata takarda a kusa, ƙara girman allo sau 10, ka ƙyasta ƙafa ɗaya da yatsa. Idan rubutun ya natsu cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, lafiya lau. Idan yana ta lilo har ka ƙirga biyar, mayar masa da kayansa.