Zan saida parsel (fili), yaya ake fidda uwar kuɗi saboda impo (haraji)?

Ɗan Zango: Salamu alaikum. Parsel ce a Garin Malam, na saye ta 2015 miliyan 2, amma takardar ciniki miliyan 1 da jika 200 aka rubuta. Na ja katanga, na gina shago biyu, wajen miliyan 3. Yanzu an taya miliyan 9. Wace ce uwar kuɗina? In sallama ko in dakata?

Kontabul: Wa alaikumus salam. Ana haɗa kuɗin saye, kuɗin noter (mai tabbatar da takardar ciniki a hukumance), na rajista da na gini, a cire daga kuɗin saidawa. Abin da ya rage shi ne ribar da ake dubawa. Sai dai ƴan impo takarda suke bi, jika 800 ɗin nan ba su san da ita ba. Fenti da gyaran yoyo ba sa shiga, hidimar yau da kullum ce. In shagunan suna cikin littafin kasuwancinka, a cire tsufan gini: miliyan 3 a raba shekara 20, jika 150 duk shekara. In ginin ya shekara 8, tsufa ya ci miliyan 1 da jika 200, saura miliyan 1 da jika 800.

Hajiya ta Birni: Rage kuɗi a takarda shi ke kashe magada. Uba ya rasu, ba resin siminti ko ɗaya, magini ya tafi Libiya, shaidu biyu sun rasu. Marayu su zo saidawa, a lissafa musu gini duka kamar riba. Allah ya isa! Ɗana, nemi fakturorinka tun yau.

Mai kwano: Shago biyu da katanga miliyan 3? Alhaji, sake lissafi, ba ya kasa 5.

Magini: Farashin bana kake faɗi. Abin da aka kashe lokacin ake sawa, kuma in bulon ƙasa ne ko 2 bai kai ba.

Ɗan Kasuwar Dole: Resi? Namu gara ta riga impo dubawa.

Dillali: Ku bar boko. Alhaji, kawo ta, gobe in samo maka 10.

Kontabul: Malam, la'adarka ma ba ta shiga lissafi sai da resi mai sa hannu. Kana bayarwa?

Hajiya ta Birni: Ina fa! Su ne masu saida parsel ɗaya ga mutum biyu. Wanda ya riƙe takardar mai unguwa kawai, ba titir fonsiye (takardar mallakar fili ta gwamnati), wa zai tsaya masa ranar da mai ita na biyu ya sauke yashi?