Muhawara: Da gaske farashin kuɗaɗe yana bin lambobin Fibonacci?

Nura: Salamu alaikum. Har yanzu ina kan bakana: lambobin Fibonacci suna aiki a kasuwar canjin kuɗi, domin tsari ne da ke cikin halitta. Jerin shi ne 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34, 55, 89, kowace lamba jimlar biyun da ke bayanta. Raba 55 da 89, ka sami 0.618. Raba 34 da 89, ka sami 0.382. A ce yuro ya tashi daga dala 1.0500 zuwa 1.1000; in ya fara ja da baya, ni a 1.0809 ko 1.0691 nake jiransa, wato inda ya mayar da kashi 38.2 ko 61.8 cikin ɗari na tashin da ya yi. Sau da yawa a nan yake juyawa.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Lissafinka daidai ne, Nura, hujjar ce ban karɓa ba. A jikin abarba za ka ƙirga layuka 8 da 13, kuma an san dalili: sabon toho yana fitowa a kusurwar digiri 137.5 daga na baya, hakan ke sa su jeru ba cunkoso ba giɓi. To wane dalili ne irin wannan a farashin yuro? Abin da ke motsa shi kuɗin ruwan manyan bankuna ne, da hauhawar farashi, da ciniki tsakanin ƙasashe. Shi kansa Leonardo na Pisa, wanda ake kira Fibonacci, da ya kawo jerin a littafinsa na 1202, haihuwar zomaye yake lissafawa. Kafin shi ma masanan Indiya irin su Hemacandra sun gano jerin wajen ƙirga ma'aunin waƙa.

Nura: Malam, ai da idona nake gani.

Malam Habu: Na yarda kana gani. Amma ƙirga layukan da kake ja a jadawalin farashi: kashi 23.6, 38.2, 50, 61.8 da 78.6 cikin ɗari na tashin. Layi biyar ke nan, tazararsu ba ta wuce 12 zuwa 17 ba. Duk inda farashi ya juya, dole ya faɗo kusa da ɗaya. Kuma 50 ba daga lissafin Fibonacci ta fito ba, daga tsohon ra'ayin Charles Dow, ɗan jaridar kasuwanci na Amurka, aka aro ta. Abin da ya fi damuna shi ne kai ke zaɓar ƙololuwa da gindin da za ka ja layin. Ba mutum uku jadawali guda, su kawo maka layuka iri uku, bayan an gama kowa ya nuna wanda ya dace ya manta da sauran.

Zainab: Malam, a yi mini afuwa in sa baki. Ni ban ce halitta ce ba, amma kusan kowace manhajar ciniki, har MetaTrader, tana ɗauke da ma'aunin jan layukan Fibonacci. In dubban mutane suka ajiye odar saye a 61.8, ai odar da kanta za ta tare farashin.

Malam Habu: Wannan magana ta fi ƙarfi, 'yar uwa. Sai dai tana buƙatar jama'a su haɗu a wuri guda, alhali mai kallon jadawalin awa ɗaya da mai kallon na mako layukansu daban. Lambobi cikakku irin 1.1000 su ne kowa ke gani iri ɗaya. Sannan bankin BIS, wato bankin manyan bankunan ƙasashe, ya ƙiyasta cinikin kasuwar a dala tiriliyan 7.5 kullum a 2022, akasarinsa na bankuna da manyan cibiyoyin kuɗi.

Yaya Sale: Bari in faɗi abin da ya same ni, ƙannena. Ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Suwizalan ya janye katangar da ya sa don kada yuro ya faɗi ƙasa da faran 1.20, kuɗin ƙasar. Cikin mintuna farashi ya ratsa duk layukan da na ja kamar babu su, odar tsayar da asara ma ta cika can ƙasa da inda na sa ta. Da kuɗin aron dillali na shiga, na fito ba ko sisi.

Nura: Allah ya mayar da alheri, Yaya. Amma irin wannan rana ba kullum ba ce.

Yaya Sale: Amin. Ba kullum ba, amma guda ta ishi asusu. Ban daina jan layukan ba. Suna tilasta mini in yanke inda zan fita tun kafin in shiga. Na dai daina ɗaukarsu hasashe. Ka tuna hukumar kasuwannin Turai, ESMA, ta ce a 2018 kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan 'yan kasuwa a irin wannan ciniki asara suke yi, kuma ma'aunin nan yana hannun kowa kyauta.

Zainab: To Nura, a gwada mana. Ka rubuta ƙa'idarka tun yanzu: wane jadawali, wace ƙololuwa, ina za ka fita. Ciniki 100 a asusun gwaji, ba zaɓe. Ni kuma in ja layuka a 30, 45 da 70 da na tsinta da ka, mu kwatanta.

Nura: Na amince. Yuro da dala, jadawalin awa huɗu. Malam Habu ya riƙe mana ƙidaya, kuma a cire kuɗin dillali a kowane ciniki.